Ruwa da gona: yadda masana ke bayyana sauyin amfani da ƙasa a Nijar

Idan daji ya koma gona, ko makiyaya ta koma garka, masana na kiran abin sauyin amfani da ƙasa. Don gano dalilinsa, suna jera hotunan tauraron ɗan adam na shekaru daban-daban, su haɗa su cikin kwamfuta da alƙaluman ruwa: yawan ruwan sama, zurfin rijiyoyi, da nisan fili daga gulbi ko tabki. Daga nan ne ake fitar da taswirar wuraren da noma ya ci, da waɗanda zai iya ci gobe. A Yamai, cibiyar AGRHYMET ta ƙungiyar CILSS, da aka kafa a 1974, na cikin masu wannan aiki.

Layin ruwan sama

Tun da wuri hukuma ta ɗauki ruwa a matsayin ma'auni. Doka mai lamba 61-05 ta watan Mayun 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kusan inda ruwan shekara ke kai milimita 350: kudu na manoma, arewa na makiyaya. Sai dai bayan farin 1973 da na 1984, ga kuma ƙaruwar jama'a, gonakin hatsi sun ƙetare layin. Ke nan ruwan sama shi kaɗai ba ya bayyana komai, dole a sa yawan mutane cikin lissafi.

Abin mamaki a kewayen Yamai

Ƙasa ma tana sauya hanyar ruwa. Masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa sun gano cewa, a gabashin Yamai, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali damina ta ragu a yawancin waɗannan shekaru.

Ga yadda abin yake. Da aka sare daji don gona da itacen girki, ƙasa ta daskare ta zama faƙo. Ruwa ba ya shiga inda ya faɗi, sai ya gangara, ya yanka koramu, ya taru a tabkuna. Ta gindin tabkunan ne yake nitsewa zuwa ƙarƙashi. Sakamakon kashi biyu ne: gonar tudu na rasa laima da taki, a kwari kuwa rijiya ta matso kusa, noman rani ya sauƙaƙa.

Amfanin wannan ilimi

Irin waɗannan taswirori na nuna inda ya kamata a haƙa tassa da rabin-wata, kamar yadda ake yi a jihar Tawa, don tsayar da ruwa a gona. Suna kuma taimaka wa hukumomin kula da filaye su kare burtali da mashaya kafin garka ta cinye su, domin a bakin ruwa ne manomi da makiyayi suka fi samun saɓani.