Labarin Baka da Halin Gwani

Kowa a birnin Kano ya san Gidan Rumfa, amma ba mai iya faɗin sunan maginin da ya aza tubalinsa na farko. Tarihi ya riƙe sarki, ya saki mai sana'a. Saboda haka in muna neman halin gwani, sau da yawa ba abin da za mu tarar sai labarin baka. Shin ana iya dogara da shi?

Mu fara da Italiya. Donatello, gwanin sassaƙa, ya rasu a 1466, wato shekara 3 da hawan Muhammadu Rumfa. Vasari, wanda littafinsa na tarihin gwanaye ya fara fitowa a 1550, ya ce Donatello kan zuba kuɗinsa cikin kwando ya rataye, yaransa su ɗiba yadda suke so. Ya kuma ce wani attajiri ya yi wa aikinsa tayin wulakanci, shi kuwa ya ture aikin ya farfashe. Sai dai an haifi Vasari a 1511, bai taɓa ganin mutumin ba.

Mu ma muna da namu, wato Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846). Ana cewa da ya gama wani gini a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. To, Larabawa ma haka suke faɗa game da Sinimmar, maginin fadar Khawarnaƙ, wanda Sarki Nu'umanu ya jefo daga bisa. Labarin da ya yi yawo haka ba shaida ce a kan mutum guda ba.

Amma kada ɗalibi ya yar da shi. Labarin yana nuna yadda jama'a suka ɗauki gwani: mutum ne wanda sarakuna ke kishi a kansa, suna bukatarsa, suna kuma tsoronsa. Halin Durugu kansa kuwa, ya bayyana a bakan gizon da ya ɗaura da ƙasa da azara a Zariya. Haƙurinsa da lissafinsa a nan suka bayyana, ba wanda ya ƙara musu gishiri.