Asalin Garin Dahabon

A tekun Karibiyan akwai wani tsibiri da ake kira Hisfaniyola, wanda ƙasashe biyu suka raba: Haiti daga yamma, Jamhuriyar Dominikan daga gabas. Can arewa, inda iyakarsu ta doshi teku, akwai wani ɗan gari a bakin kogi, sunansa Dahabon. Na Dominikan ne. Tsallaken ruwan kuwa Wanamint ne, garin Haiti, kusa ƙwarai, har in ka ɗaga murya daga wannan gaɓa za a amsa maka daga waccan.

To, ga yadda aka yi ya kafu. Da can tsibirin duka yana hannun Sarkin Sifaniya. Talakawansa da ke arewa da yamma suka shiga sayar da fatu ga jiragen 'yan Holan da Faransa da Ingila a ɓoye, ba tare da yardarsa ba. Sarki ya fusata. A 1605 gwamnansa Osoriyo ya tashe su da ƙarfi, ya ƙone garuruwansu, ya kora su wajen birnin Santo Domingo. Shawara ce marar kan gado, domin shanun da aka bari sun bazu cikin daji sun yi ta haihuwa, ƙasa kuma ba mai tsaro. Sai maharban Faransa suka riƙa tsallakowa daga tsibirin Tortuga suna farautarsu. Daga farauta suka kafa bukkoki, daga bukkoki sai gonakin rake, suka cika su da bayin da aka kwaso daga Afirka. Kafin Sifaniya ta farga, yammacin tsibirin ya zama na Faransa.

Daga nan sai rigimar iyaka. A 1728 mutanen Sifaniya suka kashe wasu Faransawa a bakin wannan kogi, shi ya sa har yau ake ce masa Masakre, wato kogin kisan gilla. Don kada Faransawa su ci gaba da matsowa, aka kafa Dahabon a 1776 ya zama wurin tsaro. Shekara ta zagayo, a 1777, sarakunan Sifaniya da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar Aranhuwes, aka mai da kogin iyaka, aka jera duwatsun shaida tun daga inda yake shiga teku.

Amma kogi ne da mutum kan ratsa da ƙafa lokacin rani, kuma ciki bai san iyaka ba. Makiyayan gabas suna kora shanu yamma su sayar, suna dawowa da tufafi da kayan masarufi. Aka yi auratayya, aka haifi 'ya'ya masu jin harshe biyu. An gwabza yaƙi ma: a filin Beler, kusa da garin, sojojin Dominikan suka ci na Haiti a 1845, kuma a tudun Kafotiyo aka ɗaga tutar tawaye ga Sifaniya ranar 16 ga Agusta, 1863. An gina hasumiyar tunawa a tudun.

Baƙin cikin garin ya zo a Oktoban 1937. Shugaban Dominikan, Turuhiyo, yana Dahabon ɗin kansa, ya yi jawabin tsana ga 'yan Haiti mazauna iyaka, sojojinsa kuma suka bi su da adduna, maza da mata da yara. Da yawa an sare su ne suna ƙoƙarin tsallake kogin, alhali wasunsu a ƙasar Dominikan aka haife su, ba su san wani gida ba. Masana tarihi sun saɓa kan adadi, wasu na cewa 12,000, wasu 20,000. Diyyar da aka amince a biya Haiti dala 750,000 ce, a ƙarshe 525,000 aka bayar. Wannan kuɗi cin fuska ne a kan jinin bayin Allah.

Yau abin da baƙo zai fara nema shi ne kasuwa. Ran Litinin da Juma'a ake buɗe ƙofar gada, dubban 'yan Haiti su kwararo da baro da kaya a ka, su kawo gwanjo da takalma, su koma da ƙwai da kaji da ayaba da fulawa. A 2022 gwamnatin Dominikan ta fara gina katanga a iyakar, kuma a Satumban 2023 ta rufe ƙofar na makonni saboda magudanar ruwa da manoman Haiti suka haƙa daga kogin. Kafin a sake buɗewa, masu kiwon kaji na gabas sun tafka asara, farashin abinci kuma ya hau a Wanamint.