Dokar da ta mutu ta bar kalma a baya

Mai karanta jaridun Turanci yakan ci karo da kalmar stymie duk inda ake maganar shirin da aka hana shi gaba, kamar majalisa ta taka wa ƙudurin gwamnati birki. Kalmar ta fito ne daga filayen wasan golf na ƙasar Sikotlan, kuma wanda ya san abin da take nufi a can shi ne zai gane ainihin irin cikas ɗin da take bayyanawa.

A da, idan mutum biyu suna karawa, sai ƙwallon abokin hamayya ta tsaya daidai tsakanin taka da ramin, ba ka da ikon cewa a ɗauke ta, matuƙar tazarar da ke tsakanin ƙwallayen biyu ta wuce inci shida. Sai dai ka lanƙwasa bugunka ta kewaye, ko ka ɗaga taka ta tsallake ta faɗa rami. Wannan yanayi shi ake kira stymie. A 1930, a wata gasa a filin St Andrews, Bobby Jones na Amurka da Cyril Tolley na Ingila sun kammala ramuka 18 kunnen doki. A rami na 19 ƙwallon Jones ta tare wa Tolley hanya, ya rasa yadda zai yi, Jones ya wuce har ya lashe gasar, ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu da ya cinye a shekarar. Masu sukar dokar sun daɗe suna cewa tana bai wa sa'a ƙarfin da ya kamata a bai wa gwaninta. Hukumar golf ta Amurka ta sassauta ta a 1938, sannan a 1952 ita da hukumar golf ta St Andrews suka soke ta gaba ɗaya.

Wani zai ce asalin kalma ba shi ke yanke ma'anarta ba, domin miliyoyin masu amfani da ita yau ba su taɓa riƙe sandar golf ba. Gaskiya ne, bakin jama'a ke tafiyar da harshe. Amma dubi inda ƙwararrun marubuta suke ajiye ta. Sukan kawo ta ne inda manufa take kusa, ana ganinta ƙuru-ƙuru, sai wani abu ya gitta tsakani, sau da yawa ba tare da an karya wata doka ba. Wannan siffa ita ce ta ƙwallon nan da ke gaban rami, kuma ita ta raya kalmar shekaru fiye da 70 bayan an binne dokar da ta haife ta.

Saboda haka ɗalibin da ya tsaya ga fassarar ƙamus kawai ya samu rabin ilimin. Wanda ya bi sawun kalma zuwa al'adar da ta fito shi ne zai san inda ta dace da inda ba ta dace ba.