Ƙa'idojin Sarrafa Tallafin Gwamnatin Tarayyar Amurka

Ƙa'idojin sarrafa tallafin gwamnatin tarayyar Amurka su ne dokoki da sharuɗɗan da ke tsara yadda za a kashe kuɗin da gwamnatin ƙasar ke bai wa jihohi, ƙananan hukumomi, jami'o'i, asibitoci da ƙungiyoyi masu zaman kansu domin ayyukan amfanin jama'a. Mafi yawansu suna cikin kundi ɗaya mai suna Uniform Guidance, wanda ake taƙaitawa da 2 CFR 200, kuma Ofishin Gudanarwa da Kasafin Kuɗi na fadar shugaban ƙasa, wato OMB, shi ke fitar da shi. A shekarun baya-bayan nan irin wannan tallafi ya haura dala tiriliyan ɗaya a shekara, kuma kaso mafi girma na shirin kiwon lafiyar marasa ƙarfi ne, Medicaid.

Kuɗin ba kasafai yake tsayawa a hannun wanda ya fara karɓa ba. Ma'aikatar tarayya kan ba jiha, jiha ta ba ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya, ita ma ta yanka wa wata. Jigon ƙa'idojin shi ne cewa wanda ya miƙa kuɗi gaba bai miƙa alhakinsa ba: idan na ƙasa ya yi ɓarna, na sama gwamnati za ta fara tuhuma.

Tarihi

Dokar Tallafi da Yarjejeniyar Haɗin Gwiwa ta 1977 ce ta bambance hanyoyi uku da gwamnatin tarayya ke fitar da kuɗi. Kwangila ita ce idan gwamnati na sayen kaya ko aiki don amfanin kanta. Tallafi kuwa shi ne idan ta ba da kuɗi don wani ya yi wa jama'a aiki ba tare da ta sa hannu sosai ba. Idan za ta sa hannu sosai, sai a kira shi yarjejeniyar haɗin gwiwa.

Shekaru da dama kowane rukuni da takardar umarninsa. Jami'o'i suna bin A-21 wajen lissafin kashe kuɗi, jihohi da ƙananan hukumomi suna bin A-87, ƙungiyoyin da ba na neman riba ba suna bin A-122, binciken kuɗi kuma yana ƙarƙashin A-133. Jihar da ta ba jami'a da ƙungiya kuɗi daga tallafi ɗaya sai ta tarar da kanta tana aiki da ma'auni uku. A ranar 26 ga Disamba, 2013, OMB ya haɗe takardu takwas irin waɗannan a kundi ɗaya, wanda ya fara aiki a ranar 26 ga Disamba, 2014. An yi masa gyara a 2020, sannan aka yi wani babban gyara a Afrilun 2024 da ya fara aiki a ranar 1 ga Oktoba na shekarar.

Ƙaramin mai karɓa da ɗan kwangila

Hukumar da ta karɓi tallafi kai tsaye daga gwamnatin tarayya ita ce babban mai karɓa. Idan ta ba wata hukuma wani ɓangare na kuɗin domin ta gudanar da wani ɓangare na shirin, ta biyun ta zama ƙaramin mai karɓa. Amma ba duk wanda aka biya ke shiga wannan rukuni ba, kuma sashe na 200.331 ya ɗora wa mai ba da kuɗin ya tantance kowane ɗaya da kansa.

Misali, idan ma'aikatar lafiya ta jiha ta ba wata ƙungiya kuɗi ta yi rigakafi a gundumomi uku, ƙungiyar ce ke yanke shawarar inda za a je da wanda ya cancanta, kuma da burin shirin za a auna aikinta, to ƙaramin mai karɓa ce. Kamfanin da ya sayar wa ma'aikatar firiji ko ya buga mata takardu ɗan kwangila ne, domin abin da yake sayar wa kowa a kasuwa ya sayar mata. Ba sunan da aka rubuta a kan takardar yarjejeniya ake dubawa ba, ainihin dangantakar ake dubawa. Kuskure a nan yana da tsada, domin sharuɗɗan shirin suna bin ƙaramin mai karɓa, ba sa bin ɗan kwangila. Hukumar da ta kira abokiyar aikinta ɗan kwangila don gudun ɗawainiyar sa ido, masu bincike na iya mayar da ita kan layi bayan kuɗin ya riga ya fita.

Nauyin da ke kan mai miƙa kuɗi

Sashe na 200.332 ya zayyana abin da ake bukata. Kafin a sa hannu, dole a tabbatar ba a dakatar da ƙaramin mai karɓa daga hulɗa da gwamnatin tarayya ba. Ana duba wannan a shafin SAM.gov. Dole kuma ya mallaki lambar shaida ta UEI, wadda ta maye gurbin lambar DUNS a ranar 4 ga Afrilu, 2022. Takardar yarjejeniya za ta bayyana cewa kuɗin na tarayya ne, daga wace ma'aikata da wane shiri, nawa ne, kuma daga yaushe zuwa yaushe.

Sai auna haɗari. Ana duba ko hukumar ta taɓa riƙe irin wannan tallafi, abin da binciken kuɗinta na baya ya nuna, da ko ta canza ma'aikata ko tsarin lissafinta. Wadda ake shakkar ƙarfinta ana iya gindaya mata sharuɗɗa na musamman, kamar ta fara kashe nata sannan a biya ta, ko ta riƙa kawo rahoto akai-akai. Bayan haka sa ido ne har ƙarshen shiri: karanta rahoton kuɗi da na aiki, kai ziyara idan da bukata, da bin diddigin gyaran duk wata matsala da aka gano. A ƙarƙashin dokar bayyana kuɗin tarayya ta 2006, ƙaramin tallafin da ya kai dala 30,000 dole a kai rahotonsa, jama'a kuma na iya ganinsa a USAspending.gov.

Abin da ya halatta a kashe

Kafin a ɗora wa tallafi wani kashe kuɗi, sai ya kasance shirin na bukatarsa, farashinsa bai wuce abin da mai hankali zai biya ba, shirin ne ya amfana da shi, kuma akwai takardar shaida. Barasa, bashin da ya ƙi biyuwa da kamun ƙafa wurin 'yan majalisa ba su halatta ba. Shagali da tarar karya doka ma haka, sai a wasu 'yan yanayi da kundin ya keɓe. Gyaran 2020 ya ƙara haramta sayen kayan sadarwa da na sa ido na wasu kamfanonin Sin da kuɗin tallafi, ciki har da Huawei, ZTE da Hikvision.

Albashi ne ya fi jawo rigima. Idan ma'aikaciya na aiki wa shirye-shirye biyu, dole rabon albashinta ya dace da aikin da ta yi a zahiri. Kiyasin da aka rubuta a kasafi tun farkon shekara ba ya isa hujja shi kaɗai. Hukumomi da yawa da ba su ci kwabo ba sun mayar da kuɗi saboda kawai sun kasa nuna wannan a rubuce.

Akwai kuma kuɗin ɗawainiya, wato abin da ake kashewa kan hayar ofis, wuta, da sashen lissafi, waɗanda ba za a ce na shiri ɗaya ba ne. Manyan hukumomi kan zauna da gwamnati su daidaita kason da za su riƙa cira. Wadda ba ta da irin wannan yarjejeniya tana iya ɗaukar kaso na bai-ɗaya, wanda a da kashi 10 ne cikin ɗari, gyaran 2024 kuma ya kai shi har kashi 15. Ba daga jimillar tallafin ake cira ba. Ana fara ware manyan kayan aiki da abin da ya haura dala 50,000 na kowane ƙaramin tallafi. Mai miƙa kuɗi ba shi da ikon hana ƙaramin mai karɓa kason da gwamnatin tarayya ta riga ta amince masa. Wannan tanadi ya zo ne saboda ƙananan ƙungiyoyi sun daɗe suna kukan cewa ana ba su kuɗin aiki a bar su da kuɗin wuta da haya.

Kuɗin da aka karɓa kafin aiki ba a so ya daɗe a asusu. Ruwan da ya haifar, idan ya wuce dala 500 a shekara, na gwamnati ne.

Binciken kuɗi na bai-ɗaya

Kafin 1984 kowace ma'aikatar tarayya kan aiko nata masu bincike, hukuma ɗaya ta yi ta karɓar baƙi a kan littattafai guda. Dokar Bincike na Bai-ɗaya ta 1984, wadda aka gyara a 1996, ta maye gurbin wannan da bincike ɗaya a shekara wanda mai bincike mai zaman kansa ke yi. Ma'aunin shi ne adadin kuɗin tarayya da hukuma ta kashe a shekara, ko kai tsaye ta samu ko ta hannun wani. A 1996 dala 300,000 ne, daga baya ya zama 500,000, sai 750,000 a ƙarƙashin sabon kundin, sannan dala miliyan 1 bayan gyaran 2024.

Mai binciken ba ya bin kowane shiri. Yana zaɓar manya da masu haɗari, waɗanda jimillarsu ta kai aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin tarayya da aka kashe, ko kashi 20 idan hukumar na da kyakkyawan tarihi. Ana miƙa rahoton cikin kwana 30 da karɓarsa ko wata tara bayan ƙarewar shekarar kuɗi, duk wanda ya riga zuwa. Idan rahoton ƙaramin mai karɓa ya nuna matsala a kan kuɗin da aka miƙa masa, mai miƙawar na da wata shida ya yanke hukunci a rubuce.

Ɗaga ma'aunin ya rage wa ƙananan ƙungiyoyi kuɗin biyan masu bincike, amma yana nufin da yawansu yanzu ba sa cikin binciken. A kansu, sa idon mai miƙa kuɗi ne kusan kaɗai abin da ya rage.

Idan shiri ya ƙare, ƙaramin mai karɓa na da kwana 90 ya miƙa rahoton ƙarshe, babban kuma kwana 120. Ana ajiye takardu shekara uku daga ranar miƙa rahoton kuɗi na ƙarshe, ko fiye idan akwai shari'a ko binciken da bai kammala ba.

Hukunci da misalai

Sashe na 200.339 ya ba da damar riƙe biya, ƙin amincewa da abin da aka kashe, dakatar da tallafi ko soke shi, da fara matakin haramta wa hukuma samun kuɗin tarayya. Hukumomi kuma wajibi ne su kai rahoton kansu idan sun ga sahihiyar shaidar zamba ko cin hanci. Sama da wannan akwai dokar hana da'awar ƙarya ta 1863, wadda ke ba gwamnati damar neman ninki uku na asarar da ta yi, ta kuma ba mai fallasa kaso. A ƙarƙashinta ne Jami'ar Duke ta amince a Maris 2019 ta biya dala miliyan 112.5 kan zargin amfani da sakamakon binciken kimiyya na bogi wajen neman tallafi.

Abin da ya faru a jihar Mississippi ya fi nuna inda tsarin ke ɓallewa. Jihar na cikin mafi talauci a Amurka, kuma tana karɓar kuɗin TANF, shirin taimakon iyalai mabukata da aka kafa a 1996. Ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jihar, a ƙarƙashin daraktanta John Davis, ta miƙa miliyoyin daloli ga ƙungiyoyi biyu masu zaman kansu, ɗaya daga ciki Mississippi Community Education Center, ba tare da sa ido na gaske ba. A Mayun 2020 ofishin babban mai binciken kuɗi na jihar, Shad White, ya fitar da rahoton binciken bai-ɗaya da ya sa alamar tambaya a kan kimanin dala miliyan 94. Cikin abin da aka gano har da dala miliyan 5 da suka tafi ginin ɗakin wasan ƙwallon raga a Jami'ar Southern Mississippi. Davis ya amsa laifi a 2022. A nan wanda doka ta ɗora wa sa ido shi kansa yana cikin ɓarnar, kuma sai da kuɗin ya yi shekaru yana zurarewa kafin bincike ya cim masa.

Masu karɓa na ƙasashen waje

Kundin ya bar wa kowace ma'aikata ta yanke yadda za ta ɗora shi a kan hukumomin waje. Binciken bai-ɗaya bai hau kansu kai tsaye ba, amma sharuɗɗan yarjejeniya kan tanadi wani bincike makamancinsa. Ta haka ne ƙungiyoyi, jami'o'i da asibitocin koyarwa a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka suka san waɗannan ƙa'idoji, musamman ta shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau da aka fara a 2003, da ayyukan hukumar USAID kafin a mayar da ragowarsu ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje a Yulin 2025. Da yawansu ƙananan masu karɓa ne a ƙarƙashin wata jami'a ko ƙungiyar Amurka, don haka takardar lokacin aiki, rasit da neman farashi daga 'yan kasuwa daban-daban da ake matsa musu a kai daga wannan kundi suka samo asali.

Cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, NIH, sun ƙara tsanantawa bayan wani rahoton babban sufeton ma'aikatar lafiya na Janairun 2023 ya gano gazawa wajen sa ido kan tallafin ƙungiyar EcoHealth Alliance da ƙananan masu karɓarta, ciki har da cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta Wuhan a ƙasar Sin. Daga Janairun 2024 aka wajabta wa ƙananan masu karɓa na waje su riƙa ba babban mai karɓa damar ganin littattafan ɗakin gwaji da bayanan bincikensu aƙalla sau ɗaya a shekara.