Daga ruwan toka zuwa kabad: tarihin sabulunmu

'Yan uwa mata, tunda bikin cikar shekarun ƙungiyarmu ne, bari mu waiwayi abin da muka fi sayarwa, wato sabulu.

Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta, amma sabulun salo aikin hannun kakanninmu ne. Bayan girbi sukan ƙona karan dawa ko na gero, su tara tokar a tukunya mai huda, su zuba ruwa ya riƙa tsiyaya. Wannan ruwan tokar ake dafawa har ya yi kauri, a zuba man kaɗe ko man gyaɗa, a yi ta tuƙawa da muciya. Ba sikeli, ba ma'auni. Tsohuwa takan ɗan taɓa a harshe, in ya yi zafi ta ce a ƙara mai. Yarbawa na da irin nasu, ose dudu, a Gana kuma ana ce masa alata samina, sai dai su tokar ɓawon koko da na ayaba suka fi amfani da ita.

Sai sabulun kanti ya shigo. A shekarun 1920 kamfanin Lever Brothers ya kafa masana'anta a Apapa, PZ kuma ya fara nasa a Aba a 1948. Nan fa aka raba aiki. Salo ya zauna a bayan gida, shi ne na wanke jariri da wankan jego da ƙuraje. Mai ƙamshi kuwa, irin su Lux da Joy, shi ya shiga lefe da kayan barka, shi ake jerawa a kabad ɗin amarya kusa da kwanukan jere. Iyayenmu kan ajiye shi shekara guda ba a ɓare takardarsa ba, wai ado ne. In kuwa maƙwabciya ta haihu, daga wannan jeren ake zaro biyu a ɗora kan turmin atamfa a tafi barka. Wani sabulun sai ya zaga gida uku bai ga ruwa ba!

Tsadar da ta biyo bayan shirin SAP na 1986 ce ta mayar da mata da yawa kan tukunya. A 1987 Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin Better Life na matan karkara, ƙungiyoyin mata suka yawaita, aka yi ta koyon haɗa sabulu da soda da man ja, a zuba a mazubi a yanka. Wannan hanyar muka gada, da kuɗin adashi muke sayen kayan haɗin.

A ganinmu an ci riba, an kuma yi asara. Na soda ya fi sauri, ya fi kyan yanka, yana karɓar turare da kala, har amare na sa mu buga musu suna a jiki don rabon biki. To amma soda sayenta ake yi, farashinta na bin dala, toka kuwa kyauta ce a gona. Kuma yau 'yan birni salon suke nema, saboda fata. Masu iya tsiyayar toka a cikinmu duk sun manyanta.

Shi ya sa a teburin baje kolin bana muka ajiye curin salo a tsakiya, tukunya mai huda a gefensa. Iyayenmu da suka iya sun yarda za su koyar bayan girbi. Duk mai so ta ba sakatariya sunanta, ta kuma fara tara kara tun yanzu, kafin dabbobi su cinye.