Ajin Ɗanɗanon Giya a Ikko, da Tarihin Kwalbar da Muka Tarar a Kurmi

Yau zan taɓo maganar da na san wasu za su ce me ya kai Bahaushe Musulmi cikinta. To, ba ni na kai kaina ba, ɗan ƙanina ne ya ja ni.

Yaron ya zo Ikko daga gida neman abin yi, ya zauna wajena a Agege wata huɗu babu ko sisi, sannan ya samu aiki a wani wuri a Victoria Island. Ya ce mini gidan abinci ne. Kwatsam sai ga wayar ubansa daga gida: "Yaya, an ce ɗanka giya yake rabawa." Kashegari da yamma na hau mota na tafi in gani da idona.

Gaskiya ne ana sayar da abinci, amma mashaya ce, irin ta masu hannu da shuni. Kuma ranar da na je sai na tarar ana aji. E, aji, mai karatu, da malama da ɗalibai! Mutum goma sha biyu zaune a dogon tebur, yawancinsu ma'aikatan banki da kamfanoni, kowa da kofunan gilashi biyar a gabansa da farar takarda da biro. Malamar tana koya musu giyar inabi: a karkata kofi a kan farar takarda a dubi launi, a jujjuya shi, a sa hanci a shaƙa, a kurɓi kaɗan a wuya da shi cikin baki, sannan a tofar a wani ɗan bokiti. Wannan ya ce ya ji ƙanshin lemo, waccan ta ce ita fata ta ji da jiƙaƙƙen dutse. Yarona kuma shi ne mai jera kofuna da zubar da bokitin. Ina tsaye a bakin ƙofa dariya na neman ƙwace mini, sai na tuna marigayi mahaifina, dillalin goro. Shi ma haka yake yi: a kwance huhu, ya zaro marsa ɗaya daga cikin ganyen fita, ya duba ko sankara ta taɓa ta, ya ɓare, ya gatsa, ya yi shiru, sannan ya ce wannan daushe ne, wannan sabon ɗiba ne na Shagamu. Yaran da ke gefensa da haka suka koya. Sai dariyar ta tsaya.

Da na dawo gida na shiga bincike, don ina son sanin wa ya fara mayar da mashaya makaranta. A Turai masu sana'ar sun daɗe suna koyar da yaransu, kamar dai 'yan goro. Koyar da gama-gari, wato mai saye, sabon abu ne. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Steven Spurrier, mai kantin giya a birnin Faris, ya buɗe irin wannan makaranta a gefen kantinsa a farkon shekarun 1970, ɗalibansa akasari Amurkawa da Ingilishi mazauna birnin waɗanda ke jin kunyar rashin sanin abin da za su zaɓa a gaban Faransawa. A ranar 24 ga Mayu, 1976 ya shirya wata gasa wadda har yau ake labarinta. Ya gayyato gwanayen Faransa guda tara, aka ɓoye sunayen kwalabe, aka gauraya na Faransa da na Kalifoniya ta Amurka. Da aka haɗa maki, ta Kalifoniya ce ta zo ta ɗaya, a fara da kuma ja. Faransawa suka ji kamar ƙasa ta tsage su shige. Daga nan duk ƙasar da ke noma inabi ta gane ita ma tana iya shiga kasuwa, kuma hanyar samun ciniki ita ce a zaunar da mai saye a koya masa.

Wani abin ban dariya, a 2001 wani mai bincike a jami'ar Bordeaux, Frédéric Brochet, ya rina farar giya ta koma ja, ya bai wa ɗalibai 54 masu karatun fannin. Suka yi ta siffanta ta da kalmomin jar giya. Da Baba na da rai da ya ce ai shi ba a taɓa yi masa haka da goro ba. Allah Ya jiƙansa, ni dai ban rantse ba.

Amma kwalbar Bature ta riga wannan aji zuwa Ikko da ɗaruruwan shekaru, kuma ba da takarda da biro ta zo ba. A ƙarni na 19 jiragen ruwa daga Holan da Jamus suna sauke barasa mai arha akwati-akwati a gaɓar teku, ana musayarta da manja, har a wasu garuruwan bakin ruwa kwalba ta zama kuɗi, da ita ake ciniki ana biyan sadaki. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Brussels, wadda ta ce kada a shigar da barasa yankunan da addini ko al'ada suka hana ta. Da Gwamna Lugga ya kafa mulki a Arewa daga 1900 sai ya tsaya a kan wannan: ba a sayar wa ɗan ƙasa barasar Turai, su kuwa Turawa suna sha a kulob ɗinsu. A Kudu aka bar ta a buɗe, domin akwai shekarun da harajinta ya kai rabin kuɗin shigar gwamnati. Har limaman coci irin su Bishop Tugwell suka yi ta ƙorafi, aka kafa kwamitin bincike a 1909, kwamitin ya ce bai ga wata babbar ɓarna ba.

Ga inda abin ya shafe mu. Gwamnatin Arewa ta lokacin ba ta iya riƙe kanta, sai da tallafi daga Ingila da kuma Kudu, kuma wannan na cikin dalilan haɗe ƙasar a 1914. Ke nan akwai kuɗin barasa a cikin asusun da aka tafiyar da Arewa da shi. Jirgin ƙasan da ya isa Kano a 1911 kuwa shi ya kwaso kakanninmu da shanu zuwa Kurmi, su koma da goro. A Ibadan aka ware musu Sabo a 1916, a Agege da Shagamu suka kafa zango. Tun ranar muke maƙwabtaka da bammi da ogogoro, daga baya Star ta fito a Iganmu a 1949, Guinness ta kafa masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960. Mai gadinmu yana ƙofar otal, mai tsirenmu yana bakin mashaya, ya san da wa yake ciniki. Shi ya sa a 2021, lokacin rigimar harajin VAT tsakanin jihar Ribas da Tarayya, da abokan zamanmu suka riƙa yi mana gori cewa Hisba na fasa kwalba a Kano amma ana karɓar kason harajinta, ni ban ji sabon zance ba.

Maganar yaro kuwa, na kai shi wajen limaminmu bayan sallar isha'i. Malam bai ja dogon zance ba, ya ce hanin bai tsaya a kan mai sha ba, ya haɗa da mai zubawa da mai ɗauka. Yaron ya ce, "Baffa, to mai tsiren da ke ƙofar wurin fa? Ai ba mai sayen namansa sai su." Malam ya ce nama halal ne, kofi kuwa ka san abin da ke ciki. Yaron ya sunkuyar da kai, amma na ga bai gamsu ba.

Ƙarshen wata ya ajiye aikin. Yanzu yana Mile 12 wajen wani ɗan garinmu mai albasa, abin da yake samu bai kai rabin na da ba, kuma kuɗin da yake aika wa mahaifiyarsa ni nake cikawa ba tare da ta sani ba. Yana gaishe ni da safe kamar kullum, sai dai hirar dare da muke yi a ƙofar gida ya daina zuwa.