Ido ko Takarda: Nazari kan Kwalejin Black Mountain

A shekarar 1933 matsin lambar gwamnatin Nazi ya sa aka rufe Bauhaus, makarantar zane da gine-gine da ta fi kowace suna a Jamus. A wannan shekarar dai, can a Amurka, Kwalejin Rollins da ke Fulorida ta sallami wani malaminta mai taurin kai, John Andrew Rice. Shi kuwa ya ja wasu abokan aikinsa da ɗalibai ashirin da 'yan kai, suka nausa cikin duwatsun Karolina ta Arewa, suka yi hayar gine-ginen wata ƙungiyar matasa ta Kirista, suka buɗe tasu makaranta, Kwalejin Black Mountain. Kafin shekarar ta fita, Josef Albers, malami a Bauhaus, da matarsa Anni, masaƙiya, sun iso wurin gudun hijira. Mijin ko Turancin kirki ba ya ji. Da aka tambaye shi me ya zo koyarwa, amsar da ya iya haɗawa ita ce buɗe idanu ya zo yi.

Kwalejin Black Mountain ba ta zane zalla ba ce, ana koyar da kimiyya da harsuna da kiɗa. Amma Rice ya sa fasaha a tsakiyar manhaja, sauran darussa suna kewaye da ita, kuma da fasahar ake tunawa da makarantar a yau. Shekara 24 kacal ta yi a duniya. Kimanin ɗalibai 1,200 suka ratsa ta cikinta, waɗanda suka kammala har aka yaye su kuwa ba su wuce kimanin 60 ba. Babu wata hukumar tantance makarantu da ta taɓa amincewa da ita. Duk mai son sanin abin da ɗalibi ke saya da kuɗinsa da shekarunsa a ƙaramar makarantar fasaha mai zaman kanta, a nan zai ga lamarin tsirara, domin an cire abin da yawancin iyaye ke biya dominsa, wato takardar shaida mai daraja a kasuwar aiki.

To me ya rage? A leƙa ajin launi na Albers. Ba ya barin ɗalibi ya taɓa fenti. Takardu masu launi ake tarawa, tsofaffin mujallu da marufai da duk abin da hannu ya kai. Ɗalibi ya yanko siririyar takarda ruwan toka, ya raba ta biyu, ya ɗora rabi a kan rawaya, ɗaya rabin a kan shuɗi mai duhu. Sai a shimfiɗa aikin a ƙasa, aji ya kewaye shi. Kowa ya san takarda ɗaya ce, an yanka ta a gabansa, amma ido ya rantse launi biyu yake gani: na kan rawaya ya yi duhu da sanyi, na kan shuɗi ya yi haske da ɗumi. Darasin shi ne launi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa ke canza shi. Amfanin takarda a kan fenti kuwa shi ne ba a ɓata lokaci wajen dama launi, ba a ganin sawun buroshi, kuma launin nan guda za a yi ta maimaitawa ba tare da ya sauya ba. Waɗannan gwaje-gwaje su ne ya tattara daga baya a littafinsa kan cuɗanyar launuka a 1963, bayan ya koma Jami'ar Yale.

Irin wannan koyarwa ba ta yiwuwa a zauren mutum ɗari uku. Sai malami ya durƙusa kan aikin kowane ɗalibi, ya matsar da takarda da yatsa, ya ce a sake dubawa. Wanda ya koyi saƙa ko dukanci a gindin gwani ya san wannan: rabin ilimin ba a faɗarsa, a zama kusa ake ɗaukarsa. A Black Mountain malamai da ɗalibai akushi ɗaya suke ci, gona ɗaya suke nomawa. Da makarantar ta tashi komawa filinta na kanta a bakin tafkin Eden a 1941, tsarin ginin da Walter Gropius da Marcel Breuer suka zana ya fi ƙarfin aljihunta, sai aka ɗauki wani mai sauƙi na Lawrence Kocher, ɗalibai da malamai suka haƙa harsashi, suka ɗora ginin da hannunsu.

A ganina, a nan ne asirin makarantar yake: babu ce ta zama manhaja. Anni Albers da ɗalibinta Alexander Reed sun ƙera sarƙoƙin wuya da fil ɗin gashi da maƙalen takarda da rariyar kwamin wanke-wanke. Robert Rauschenberg, wanda Albers ya riƙa yi wa kaca-kaca a aji, yana cikin masu kwashe sharar makaranta, kuma tarkacen titi ne suka zama kayan aikinsa bayan ya koma New York. Buckminster Fuller, wanda aka gayyato koyarwa, ya gwada tayar da ƙubbarsa a 1948 da siraran ƙarafan labulen taga, ta ƙi tashi, ta kwanta a ƙasa kowa na kallo. Ba a kore shi ba, ya dawo a 1949 ya tayar da wata. Makarantar da ke da kwamitin amintattu da masu bin diddigin kuɗi da wuya ta ƙyale mutum ya faɗi a bainar jama'a haka, har ta sake gayyatarsa.

Labarin Ruth Asawa ya fi nuna abin da ƙanƙanta ke iya yi. 'Yar asalin Japan ce haifaffiyar Amurka, an tsare ta da danginta a sansani lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta yi shekara uku a kwalejin horar da malamai a Milwaukee, aka hana ta gwajin koyarwa saboda asalinta, ta tashi ba takarda. Ta zo Black Mountain a 1946, ta zauna shekara uku. Aikinta a makarantar ya haɗa da ɗakin wanki, kuma hatimin da ake buga wa zannuwan gado da shi ta riƙa buga zane a jere a kan takarda. A 1947 ta je Toluca a Meziko, ta ga yadda masu sana'a ke saƙa kwandon ƙwai da waya, ta koya. Daga wannan saƙa ta fitar da siffofin waya masu rataye, wani cikin wani, waɗanda manyan gidajen adana kayan fasaha ke ji da su yanzu. Haka ma a 1946 Albers ya gayyaci mai zane Jacob Lawrence, baƙar fata, ya koyar a zangon bazara, a jihar da doka ta raba fari da baƙi. Shi da matarsa ba su fita harabar makarantar ba har suka tafi. 

Sai dai mai nazari ya yi hattara da wannan jerin sunaye. Sunan mutum goma ko ashirin ake ta maimaitawa cikin 1,200. Sauran fa? Da yawa sun yi zango ɗaya ko shekara ɗaya suka wuce, kuma wanda ya so ci gaba a wata jami'a sai ya yi ta roƙon a karɓi darussan makarantar da ba a tantance ba. Idan da waɗanda suka yi fice kaɗai za a auna makaranta, kowace makaranta ta ci jarrabawa.

Kusancin nan kuma da kansa yana da dafi. Malamai ne suka mallaki kwalejin, su ke gudanar da ita, babu na sama da zai raba gardama. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Rice da ya kafa ta an tilasta masa barinta a 1940. An sake darewa gida biyu a 1944. Albers da matarsa suka tafi a 1949 bayan wata rigimar. A jami'a mai sassa da yawa tafiyar malami ɗaya ba ta girgiza komai, a nan kuwa tafiyar mutum biyu tafiyar rabin manhaja ce. Ga kuɗi: babu wakafi, babu tallafin gwamnati kai tsaye, sai kuɗin ɗalibai da kyautar masu hali. Dokar 1944 da ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu ta cika azuzuwa na 'yan shekaru. Da wannan ruwa ya janye, ɗalibai suka ragu zuwa 'yan tsiraru, malamai suka yi ta bin bashin albashi. Abin mamaki, a cikin wannan kwantai ne mai tsara kiɗa John Cage ya shirya wasansa na 1952 a ɗakin cin abinci, Merce Cunningham kuma ya kafa ƙungiyar rawarsa a 1953. An daina darasi a 1956, mawaƙi Charles Olson, shugabanta na ƙarshe, ya tsaya sayar da fili don biyan basussuka, aka rufe a 1957.

Ciwon bai mutu da ita ba. Kwalejin fasaha da sana'o'in hannu ta Oregon ta rufe a 2019, ta Memphis a 2020, Cibiyar Fasaha ta San Faransisko, wadda aka kafa tun 1871, a 2022. Lissafin ɗaya ne: aji na mutum goma sha biyu, da murhun gasa tukwane da masaƙa da fili mai faɗi, ya fi lacca tsada nesa ba kusa ba, kuma ɗalibi ne ke biya, galibi da bashi.

Asawa kuwa, da ta zauna a San Faransisko ta haifi 'ya'ya shida, ba makaranta mai zaman kanta ta kafa ba. A 1968 ita da wata abokiyarta suka fara shiga makarantar firamare ta gwamnati da 'ya'yansu ke zuwa, suna koya wa yara ƙira da kwalin madara da kwalin ƙwai da kwaɓin fulawa da gishiri. Ta yi shekaru tana fafutukar a buɗe sakandaren fasaha ta gwamnati a birnin. An buɗe ta a 1982, aka sa mata sunanta a 2010.